Jikan Inna Mai Haƙuri

Tun da na bar aiki na zauna gida, abubuwa da yawa sun shige mini, amma wata ranar rigakafi ta cikin damina tana nan a raina kamar jiya. Ku da kuka kama aiki bayanmu, ina so ku ji ta.

Lokacin ni ce mai awon jarirai a wani ƙaramin asibiti a yankin Karaye. Aikina in ɗora yaro a sikeli, in miƙa shi ga mai allura, wanda na ga bai yi mini ba in kai shi ɗakin likita. Likitar yaranmu, Dakta Sa'adatu, ba ta daɗe da dawowa daga wani kwas ba, inda aka koya musu cututtukan da ke zuwa idan jikin yaro ya kasa yin wasu sinadarai nasa na kansa. Da ta dawo ta tara mu ta koya mana abin da za mu iya ɗauka. Ta ce akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Wani jaririn ana haifarsa tasa ba ta aiki. Ba zazzaɓi, ba kuka, sai barci. In aka gane da wuri, ƙwaya guda kullum ta ishe shi. In aka makara, zai tashi bai da tsawo, kansa kuma ba zai taɓa ɗaukar karatu ba.

Ran nan wata dattijuwa, Inna Dije, ta zo daga wata ruga ta wajen Yammedi tare da matar ɗanta, Habi, wadda ta gama arba'in ɗin haihuwar fari. Inna ce ta goyo yaron, ita ta kwance shi ta ba ni. Na ji jikinsa sanyi, fata a bushe, cibiya ta turo, harshe kamar ya fi ƙarfin bakin. Aka yi masa allura, ya ɗan yi wata ƙara a dishe ya koma barci.

"Kin gani ko?" in ji Inna. "Usmanu ke nan. Allah ya ba mu mai haƙuri. Na wasu tun daga ƙofa suke tsala ihu."

Na ce, "Masha Allah, Inna. Mu je likita ma ta sa masa albarka."

Dakta ta gaishe su, ta tambayi shanu da damina, sannan ta duba yaron a tsanake. Ta juya ga Habi ta ce, "Yana kama nono sosai? Bayan gida fa?"

Habi ta ja mayafi ta zuba wa bango ido.

"Likita, ɗan fari ne fa," in ji Inna tana dariya. "Ki tambaye ni. Lafiyarsa lau."

Matsalar ke nan. A kwas an koya musu uwa ake tambaya, don ita ta san cinsa da barcinsa. Mu kuwa a nan uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta nuna damuwa da shi a gaban surukarta. Ɗaukar jinin yaron a kai Kano gwaji kuma sai an ji daga bakin uwar abin da zai sa a matsa wa dangi.

Dakta ba ta yi musu ba. Ta ce, "Inna, na ga kina dafa gwiwa da za ki zauna. Yau ba za ki tafi ba a duba ta ba." Ta sa aka raka ta ɗakin manya.

Ko da aka bar mu mu uku, Habi ba ta tanka ba. Dakta ta jawo kujera kusa da ita ta ce, "Ƙanwata, ba ɗanki nake tambaya ba. Jikan Inna nake tambaya. Ke da kuke ɗaki ɗaya, me kike gani?"

Sai Habi ta yi magana ƙasa-ƙasa, kanta a sunkuye. Ta ce ba ya tashi shan nono sai ta shafa masa ruwan randa a tafin ƙafa. Ta ce yakan yi kwanaki bai yi bayan gida ba. Ta ce na maƙwabciyarta, da suka haihu sati ɗaya, har ya fara murmushi.

"In ba kowa a ɗakin, nakan mintsine shi," in ji ta. "Don dai in ji muryarsa. Kowa yana yi mini barka da mai haƙuri, wa zan gaya wa?"

Na juya ina gyara auduga don kada ta ga idona.

Da Inna ta dawo aka yi maganar jini, sai ta ɗaure fuska. "Yaron da ba ya ciwo a tsotse masa jini?"

Dakta ta ce, "Inna, ba haƙuri ba ne, ƙarfin kukan ne babu. Kuma maganin a hannunki zan sa. Habi yarinya ce, ina ta san reno? Kullum in kin idar da asuba, ki murƙushe ƙwayar a cokali da ɗan nono ki ba shi."

Inna ta dubi Habi, Habi tana duban bango. Inna ta ce, "To, in dai ni ce."

Sakamako ya dawo kamar yadda Dakta ta zata, aka fara magani. Kowane zuwa Inna ce mai bayani, amma in za su fita Habi takan tsaya gyara takalmi a gabana, ta gaya mini abin da Inna ta tsallake, ni kuma in kai wa Dakta.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, karatun likita yakan gaya masa abin da zai tambaya, amma sai ya san mutanensa zai san yadda za a iya ba shi amsa. Uwar da ta yi shiru a gabanku, kada ku ce ba ta damu ba.

Bara na haɗu da su a kasuwar Karaye. Wani yaro da allo a rataye ya kusa ture ni yana bin ɗan akuya da ihu. Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Malama Rabi, ku da likitarku kun lalata mana yaro. Yanzu ko sallah ba na yi cikin natsuwa."

Na tambayi Habi, "Ina Usmanu?"

Ta ja mayafi, ta nuna shi da haɓa. "Ga na Inna can," in ji ta. Amma idonta bai bar kansa ba har ya sha kwana.