Wurin Sujada a Tafi-da-gidanka

Ga shi can a filin sayar da motoci na Sterling, dogon dattijo mai furfura, sanye da jaket irin ta direbobin filin jirgi. Yana zagaya wani ɗakin tafi-da-gidanka ƙirar Jamus, irin wanda mota ke ja, yana ƙwanƙwasa jikinsa kamar mai taya bijimi a kasuwa. Matarsa na zaune a kujera, sandarta a kan cinya. Ina jin shekarunsa sun tafi wajen kai mutane su kama jirgi, su biyun kuwa ba su taɓa fita shan iska ba.

Ko kallon firij ɗin da ke ciki ba ya yi. Sai ya tuɓe takalmi, ya shiga, ya tsaya tsakanin gado da murhu, ya gwada ruku'u, ya kai goshi ƙasa. Ya leƙo da damuwa a fuska.

"Hajiya, ni na samu wurin sujada, amma babu inda za ki tsaya a bayana."

Ta yi dariya har mayafinta na zamewa. "Alhaji, ni da nake salla a zaune? Bakin gadon ya ishe ni. Kira mai wurin a yi ciniki."