Gem ɗin Yaya Lawali

Ranar wata Laraba ce cikin watan Agusta, a shekarar da zan shiga aji huɗu na firamare. An yi kwana biyu ana ruwa a Tsafe, tsakar gidanmu duk ta caɓe, awaki sun takure a gindin rumbu. Ina durƙushe bakin murhu ina hura wa Inna ɗanyen icen da ya ƙi kamawa, sai na ji sallamar Oga Sunday daga zaure. Shi ne mai gyaran rediyo da ke da shago jikin gidanmu, ya fi shekara goma muna maƙwabtaka. Na ɗauki ruwa a moɗa na fita. Na tarar da shi tsugune gaban tabarmar yayana Lawali, rigarsa jiƙe sharkaf, dawowarsa ke nan daga Gusau sayo kayan aiki. Ya kwance wata baƙar leda ya fito da wani ɗan abu ruwan toka, bai fi sabulun wanki girma ba, mai ɗan allo a sama da maɓallai a ƙasa. Na hannu ne, har gefensa ya tsage an liƙe. Ya sa masa batir biyu, ya danna, abin ya yi ƙara kamar ɗan tsako. "Lawali, ga gem na kawo maka, ya taya ka zama," in ji shi.

Yaya Lawali ya girme ni da shekara uku, amma a lokacin na kusa kamo shi tsawo. Da ciwon sikila aka haife shi. Siriri ne, idanunsa kullum da ɗan rawaya, kuma damina ba ta yi masa da sauƙi. In sanyi ya shige shi, gaɓoɓinsa su kama ciwo har ya riƙa cizon bargo don kada Inna ta ji kukansa. Makaranta sai ya yi mako yana zuwa, ya yi biyu a kwance. In Baba ya ɗauki sauran yaran gida za su gonarmu ta hanyar Bilbis, shi sai dai ya raka su da ido. Yaran unguwa suna langa da ƙwallon tsumma a ƙofar gida, mu mata muna carafke a gefe, shi yana jingine da bangon zaure yana raba gardamar wanda ya ci da wanda ya yi ha'inci. Kowa ya yarda da hukuncinsa, amma ban taɓa ganin an sa shi cikin wasa ba.

Wasan da ke cikin gem ɗin iri ɗaya ne tak. Zai watso maka haruffan Turanci a hargitse, kai kuma ka jera su su zama kalma. In ka dace ya yi maka ɗan kiɗa ya wuce da kai gaba, in ka kuskure ya yi wani gurnani kamar na kwaɗo. Da haruffa uku ake farawa, ana ƙara yawansu sannu a hankali. Baba malamin gona ne a ƙaramar hukuma, yana da wani tsohon ƙamus da bangonsa ya cire, shi Yaya Lawali ya jawo kusa da matashinsa. Duk kalmar da ya ci sai ya nemo ma'anarta, ya rubuta a bayan tsohon littafin lissafinsa. Kafin gero ya fitar da kai ya cika shafi goma sha wani abu. Oga Sunday kan leƙo da rana ya jefa masa kalma don ya gwada shi, in ya amsa daidai ya tafa hannu ya ce, "Wannan yaro sai ya zama lauya."

Ni kuwa aikina batir ne. In suka yi sanyi sai na jera su kan katanga su sha rana, wani lokaci har na ɗan ciccije su, don an ce hakan na dawo musu da ƙarfi. Da na gama surfe da ɗebo ruwa a rijiya da kai wa masu noma fura, sai na ruga zaure na zauna kusa da shi, kanmu a haɗe bisa ɗan allon nan. A nan na koyi harhaɗa kalma fiye da yadda na koya a aji. Ranar da ciwo ya kama masa yatsu, sai ya miƙo mini ya ce, "Abu, riƙe ki danna, ni zan faɗa miki." Yana nishi yana kiran haruffa ɗaya ɗaya, in kiɗan ya tashi ya yi murmushi idonsa a rufe. Inna takan tsaya bakin ƙofa da kofin magani a hannu ta ce, "Wanga abu ya fi allura kwantar mai da hankali."

Bayan an koma makaranta, lokacin da aka fara yankan gero, sai ya iso wasu haruffa bakwai da suka gagare shi. Mako guda cur yana juya su. Ya rubuta su a takarda, ya yayyanka, ya shimfiɗa bisa tabarma yana canza musu wuri, ya bi ƙamus shafi shafi, ba su fito ba. Ranar Alhamis da safe yana barci, na zaro gem ɗin daga ƙarƙashin matashinsa na sa a jakata. Na gaya wa kaina zan nuna wa malaminmu ne, Malam Bello, ya warware masa. Wannan gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Na daɗe ina ba ƙawayena labarinsa suna cewa ƙarya nake, ina so su gani da idonsu. Da aka fita tara, yara suka yanyame ni a gindin dogon yaro, kowa na roƙon ya taɓa, na ji kaina ya yi girma. Muka koma aji ban kashe shi ba. Ana tsakiyar lissafi wata ta sa hannu a jakata ta danna, kwaɗon nan ya yi gurnani, aji ya tuntsire da dariya. Malam Bello ya karɓe ya jefa a jakarsa. "Sai Litinin," in ji shi. Da na buɗe baki na ce na yayana ne mara lafiya, na san da ya ba ni. Tsoro da kunya suka hana ni.

Na dawo gida na tarar Yaya Lawali ya ɗaga tabarma, ya zazzage matashi, Inna na faɗan 'ya'yan maƙwabta da ke shige da fice a zaure. Ya dube ni ya ce, "Abu, ba ki gan shi ba?" Na ce ban gani ba. Na lissafa kwana huɗu ne kawai, ranar Litinin zan maido shi na ce a bayan rumbu na tsinta.

Ranar Juma'a aka wuni ana yayyafi, ciwo ya kama shi a ƙirji, irin wanda bai taɓa yi ba. A asibitin garinmu suka ce a wuce da shi Gusau. Baba da Inna suka tafi da shi, aka bar ni wurin gwaggona. Da safiyar Asabar ta dama kunu, Oga Sunday ya rufe shagonsa ya raka mu asibitin Gusau. Na sami Yaya Lawali kan gado ana ƙara masa jini, da robar iska a hancinsa, ya ƙara ƙanƙancewa cikin farin zanen gado. Da ya gan ni ya ɗan ɗaga yatsa, na matso. A hankali ya ce, "Har yanzu ba a gan shi ba?" Nan na fashe da kuka, na faɗi komai a gaban kowa. Na jira ya juya mini baya. Sai ya maida numfashi ya ce, "To, Malam ya gane kalmar?" Na ce ko tambayarsa ban yi ba.

Baba ya juya wurin Oga Sunday. Ya tambayi inda Malam Bello yake, Oga Sunday ya ce mutumin Bungudu ne, can yake tafiya duk Juma'a wurin iyalinsa. Baba ya sa hularsa. Inna ta ce, "Malam, da ka zamna." Ya ce, "Bungudu ga ta nan kusa, yanzu zan dawo. Bari ya samu abin da zai ɗebe masa kewa." Ya ari babur ɗin wani abokinsa ya tafi. Bai san gidan ba, sai da ya yi ta tambaya. Da ya sami gidan aka ce Malam Bello na gona, aka tura a kira shi. A lokacin ba kowa ke da waya ba, babu yadda za a yi a ce masa ya juyo. Bayan azahar numfashin Yaya Lawali ya canza. Aka fitar da mu baranda, aka bar Inna kaɗai tana riƙe da hannunsa. Sau biyu yana tambayar ina Baba. Ana kiran la'asar Baba ya shigo da sauri, hannunsa cikin aljihu, fuskarsa da fara'ar wanda ya samo abin da ya je nema. Ya ga Inna zaune a ƙasa ta lulluɓe kanta. Ya tsaya a inda yake, bai fitar da hannun ba.

A Tsafe aka yi jana'iza. Malam Bello ya zo ya zauna kwana uku a ƙofar gidanmu, kansa a ƙasa, ya kasa haɗa ido da kowa. Ni kuwa na daina cin abinci, na daina bi ta zaure, sai ta ƙofar awaki nake fita. Bayan addu'ar bakwai Baba ya kira ni ɗakinsa, ya zaunar da ni gabansa. "Ɗiyata," in ji shi, "ni na tashi na tafi da ƙafata, ba ke kika aike ni ba. Kwanansa ne ya ƙare." Daga ranar bai sake tada maganar ba har ya bar duniya. Amma na sha ganinsa da hantsi zaune shi kaɗai, yana buɗe littafin lissafin nan ta baya yana bin rubutun da yatsa. Gem ɗin kuwa Oga Sunday ya cire masa batir, Inna ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a kwalla. Ba wanda ya sake kunna shi. Ya ɓata a cikin kaya shekarar da zuwa gona ya gagara muka dawo Gusau da zama.

Yau 'ya'yana suna irin wannan wasa a wayata, kala-kala, in kalma ta gagare su akwai wurin da za su taɓa ta fito da kanta. Ana gwada jini kafin aure, masu sikila suna girma su yi karatu su yi iyali, ina ganinsu ina jin daɗi, ina kuma tuna Yaya Lawali. Waya tana aljihun kowa, kira ɗaya ya isa a juyo da uba daga hanya. Ni ma koyarwa nake yi yanzu, kuma nakan karɓe waya ko abin wasa a hannun ɗalibi in ya dami aji. Abokan aikina suna cewa na cika sanyin hali, don ban taɓa barin abin wani yaro ya kwana a jakata ba. Ana kaɗa ƙararrawar tashi nake kiransa na miƙa masa. Ban san wanda ke jiran abin a gida ba.