In kun gan ni ina tafe a ƙasa, kada ku tsaya

Salamu alaikum jama'ar shafin nan. Na san na ɓace muku. Wasu sun kira, wasu sun yi ta turo saƙo ban amsa ba. Ba girman kai ba ne, kunya ce. Yau dai na ce bari ku ji daga bakina.

Ciwon suga ne ya kwantar da ni, kuma ya tafi da ƙaramin yatsan ƙafata ta hagu.

Da ƙishirwa abin ya fara. In sha ruwa, in ƙara, maƙogwaro a bushe. Ga yawan fitsari. Na ɗora wa zafin garinmu Lafia laifi. Can sai tafin ƙafata ya fara yi mini kamar ina taka auduga. Matata Hajara ce ta matsa muka je asibiti, aka caki yatsana aka gwada jini. Likitar ta duba sakamako, ta dubi tumbina, ta tambaye ni yaushe rabona da tafiyar ƙasa. Dariya na yi. Ni dillalin doya ne, daga benci sai mashin. Ko masallacin bayan layinmu a mashin nake zuwa.

Ta rubuta magani, ta raba ni da sukari, ta rage mini sakwara. Sannan ta ce, "Magani kaɗai ba zai riƙe ka ba. Kullum ka yi tafiya har sai ka ji gumi."

A nan fa matsalar take. Kun san halin garin nan. Magidanci mai tumbi ya fito yana tafe a ƙasa ba dalili, kafin azahar an gama cewa jarinsa ya karye. Na ce wa Hajara ni ba zan yi yawon banza a titi ba.

Sai ta nemo mini dalili. Ina da gwaggo a Akurba, ƙanwar babana, tsohuwa ce ita kaɗai a gida. Hajara ta fara tashi tun kafin asuba tana dama mata kunun gyaɗa, ta zuba a filas ta miƙo mini. Duk wanda ya tambaya in ce zumunci zan je. Makullin mashin kuwa ta riƙe a wurinta.

Kwanakin farko na taka da gaske, cinyoyi suka yi tsami. Ran nan wani abokin kasuwa ya taka birkin mashin a gabana ya ce, "Haba Oga, kai da ƙafa? Hau mana." Mutum ya girmama ka, ta yaya za ka ƙi? Na hau. Washegari wani ya tsaya. Daga nan har na san kwanar da zan tsaya in jira. In kai kunu, in zauna wurin mai shayi in ɓata lokaci, in dawo gida ina hakin ƙarya. Ita kuma ta tare ni da ruwa tana yi mini sannu.

Haka na kwashe watanni. Maganin ma sai ranar da na tuna.

Ƙusa ce ta huda silifas ɗina a kasuwa, ban ji komai ba. Sai da yatsan ya kumbura ya yi baƙi, zazzaɓi ya rufe ni, aka ba ni gado. Allura safe da yamma, ƙarin ruwa, da wankin ciwon da ba na son tunawa. Abin da na ware na sarin doyar bana duk a can ya ƙare. Wani nas yana canza mini bandeji ya ce, "Oga, wannan ƙafa ba wasa ba ne o. In ya hau sama za a yanke shi duka." Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Likita ta rasa gane yadda sugan mai tafiya kullum zai hau haka. Hajara har rantse mata ta yi cewa ba na fashi, ita ce shaida. Ni kuma na kau da kai.

Sai ga Gwaggo ta zo dubiya. Ta zauna a bakin gado tana ta sa albarka, ta ce, "Allah ya saka wa abokan nan naka masu kawo ka a mashin kullum. Ba su taɓa bari ka sha wahala ba."

Hajara tana ɓare mini lemo. Hannunta ya tsaya. Ba ta kalle ni ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Matar da ta hana kanta barci don ƙafata, ni na mayar da ita maƙaryaciya a gaban likita.

An cire yatsan, ƙafa ta tsira. Da ciwo ya warke aka ce in fara a hankali, da takalmi mai rufi. Na nemi gafarar Hajara ta ce ta yafe, amma kunu ba za a fasa ba tunda Gwaggo ta saba. Sai dai yanzu tare muke zuwa. Ta ce ita ma tana son miƙe ƙafa. Na san ba shi ne dalilin ba, kuma ba ni da bakin magana.

Suga ya sauka, an rage mini magani, riguna sun yi mini yawa. Ciwon yana nan, amma muna zaune lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan jinya da duk wanda ya yi addu'a. Hajara kuwa, Allah ne kaɗai zai biya ta.

Mai yawan ƙishirwa da fitsari ya je a gwada shi. Mai suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, ya sha magani, ya taka ƙasa ko da za a ce ya talauce.

Ku kuma abokaina masu mashin, ba laifinku ba ne, nawa ne. Amma in kun gan ni gobe a hanyar Akurba, ku ɗaga mini hannu ku wuce. Yatsu tara suka rage mini, ina son abina.