Ranar da Na Kai Shef Ya Ga Teku

Yau idan an tura ɗayanku aiki Kwatano, zai hau mota da safe, kafin ya kwanta ya kira matarsa a waya ya ji muryar 'ya'yansa. A shekarun farko na 'yancin kai ba haka abin yake ba. Wanda aka tura bakin teku, kamar an jefa shi rijiya ne, sai in an tuna da shi a leƙa. Akwai rana guda daga cikin shekarun nan da ban taɓa mantawa da ita ba, ita ce ranar da Shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, ya zo daga Yamai na zaga da shi gari.

Bari in fara gaya muku aikin. Ni ne wakilin bironmu na tiransi, wato ofishin da ke kula da wucewar kaya, a Kwatano. Kun san ƙasarmu ba ta da teku, don haka kayanmu duka ta can suke bi. Idan jirgin ruwa ya iso, ni ke karɓar kaya, in fitar da su daga hannun 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito, in loda su a jirgin ƙasa zuwa Paraku. Daga nan kamyo, babbar motar kaya, ya ɗauka ya bi ta Gaya da Doso har Yamai. Gujiyarmu kuma ta biyo hanyar nan ta sauko. A lokacin ba a gama babbar tashar jiragen ruwa ba. Wata doguwar gadar ƙarfe ce ta shiga cikin teku, jirage su tsaya can nesa, ƙananan jirage su yi ta jigila tsakani.

Akwai kuma aikin da ba a rubuta a ko'ina ba. Duk ɗan Nijar mai ɗan matsayi da ya sauka Kwatano, ko ma'aikaci ko ɗan kasuwa, ni ake nema in kai shi yawo. Na yi aikin har na ƙware. Na ga Dakar, na ga Ikko da Abijan, daga baya na ga Marsai. Dakar tana tsaye a kan dutse tana kallon teku daga sama, Ikko kuwa ta juya masa baya tana ciniki. Kwatano a kwance take a kan yashi, teku a gabanta, tafki a bayanta, kuma baƙo ba ya buƙatar kowa ya gaya masa tana da kyau.

Ni ne dai ban ƙara ganin kyan ba. Iyalina suna Yamai, a Bukoki, wanda a lokacin kusan bayan gari ne. Matata Ramatu ta taɓa biyo ni, laimar garin ta kwantar da ita, ta koma. Ga kuma mahaifiyata da ta ce ba za ta bar kusa da kabarin mijinta ba. 'Yata Zuwaira na baro ta tana rarrafe, ƙanena Lawali ne ke kula da gidan. Ni ina wani ɗaki a bayan magazan ɗin da muke ajiye kaya, inda takalmi ke yin fumfuna in ka bar shi mako guda. Akwai Hausawa a zango, ina zuwa Juma'a mu gaisa, amma yawancinsu fatake ne, kafin ka saba da mutum ya ɗaure kaya. Da rana ina magana da Faransanci da Fon da ɗan Yarbanci. Da yamma in dafa shinkafa in ci ni kaɗai, teku yana ta ruri a bayan katanga. Wani lokaci nakan yi wa kaina Zabarmanci da ƙarfi don kada in manta.

Da na ji Shef zai zo, na ƙudura a raina cewa a wannan zuwan zan roƙe shi ya mayar da ni gida. Sunansa Alhaji Maman, mutumin Damagaram, dattijo mai raha, kuma shi kaɗai ke da ikon canza wa ma'aikaci wuri. Amma kun san tarbiyyarmu. Ba a tarar baƙo da kuka. Sai ya sha ruwa, ya ci, ya huta, ya ga gari, sannan ka kawo taka. Na ce to, zan yi masa yawon da ba a taɓa yi wa kowa ba, in ransa ya yi fari sai in yi magana.

Da safe na ɗauko shi daga otel, muka fara da gadar ƙarfe. Mun yi sa'a wani jirgin fasinja ya iso. A zamanin, ƙaramin jirgi ne ke kawo fasinja gindin gada, sai a sa su cikin wani babban kwando, injin ɗaga kaya ya ɗauke su sama ya ajiye. Muka tsaya muna kallo aka ɗago wani Bature da matarsa, ta rungume jaka tana ihu.

Shef ya yi dariya har ya riƙe ƙarfen gada. Ya ce, "Haruna, wannan ba kumandan ba ne? Dubi yadda ake ɗaga shi kamar buhun albasa! Wallahi da mutanen Damagaram sun ga wannan tun da, da an daɗe da samun 'yanci."

Daga nan muka gangara bakin ruwa. Bai taɓa ganin teku kusa ba. Ya naɗe wando, ya tattare babbar riga, ya shiga har idon sawu. Ya ɗebo da tafin hannu ya kai baki kafin in hana shi.

Ya tofar ya ce, "Subhanallahi! Duk wannan ruwan, ko akuya ba za ta sha ba?"

Na ce, "Ko wanki ba ya yi, ranku ya daɗe."

Ya ce, "To kogin Isa ɗinmu na Yamai ya fi shi mutunci. Wannan girma ne kawai da faɗa."

Amma ya daɗe a tsaye yana kallo. Can gefe masunta suna jan taru, mutane sun jeru a kan doguwar igiya suna waƙa suna ja da baya. Na fassara masa abin da na ji na waƙar. Sai ga shi ya miƙa mini hularsa, ya kama igiya tare da su. Da tarun ya fito, mata suka rufa a kai da kwanduna, wata ta ba shi kifi guda ladan jansa. Muka zauna a inuwar itatuwan kwakwa, aka sare mana ɗanyu muka sha.

A nan ya ce, "Ina gidanka yake? Mu biya in ga wurin zamanka."

Na tuna tabarmata, da kwano guda, da bangon da ya yi kore. Kunya ta kama ni. Babban mutum kamarsa, ko kujerar da zan ba shi babu. Na ce, "Ranku ya daɗe, mai kwalekwale yana jiranmu, in rana ta yi sama tafiyar ba daɗi." Gaskiya ne yana jira, amma ko da mun biya gidan, da ya jira mu.

Muka ratsa babbar kasuwa ta bakin tafki, na yi masa cinikin zane da yaren Fon, mai zanen ta ce da shi, "Wannan ɗanka ya zama namu, mata kawai ta rage mu ba shi." Na fassara, ya yi dariya. Sannan muka shiga kwalekwale zuwa ƙauyen da ke kan ruwa, inda gidaje ke tsaye a kan turaku, kasuwa ma a cikin kwalekwale ake ci. Ya ga tsohuwa tana tuƙi da hannu ɗaya tana soya ƙosai. Ya yi ta tambaya ina amsawa: ina suke binne mamaci, ina suke samun ruwan sha, me ya kawo kakanninsu nan. Na ba shi labari kamar ni na gina garin. Rabona da in yi Hausa yini guda cur da mutum ɗaya, har na manta, shi ya sa bakina ya ƙi rufuwa. Duk wanda ya gan ni a ranar zai rantse ba wanda ya kai ni farin ciki a Dahomai. Kuma a ranar, hakan ne.

Washegari na raka shi tashar jirgin ƙasa. Na shirya maganata tun asuba. Muna tsaye a bakin tarago, kafin in buɗe baki ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Haruna, zan gaya maka gaskiya. Na zo ne da niyyar in mayar da kai Yamai, in turo Salifu ya canje ka. Na ɗauka kana wahala. Amma abin da na gani jiya, in na cire ka daga nan na zalunce ka. Kana jin yarensu, suna son ka, ga iska, ga kifi. Mu muna can muna gasuwa." Sai ya dube ni ya ce, "Ko akwai wata damuwa?"

Na ce, "Babu, ranku ya daɗe. Sai alheri."

Ku yaran yanzu za ku ce me ya hana ni magana. A wurinmu, in babba ya tambaye ka damuwa, amsar farko ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Sai ya sake tambaya, ka ce "to, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba," ya matsa, sannan ka faɗa. Alhaji Maman ya san wannan al'ada sarai, a cikinta ya girma. Na tsaya ina jiran tambaya ta biyu. Amma mutumin da ya ga kana dariya yini guda ba ya jin akwai buƙatar ta biyu. Ya ce "Madalla," ya hau, ya leƙo ta taga yana nuna mini kwalbar ruwan teku da zai kai wa jikokinsu su ɗanɗana. Jirgi ya tashi.

Na koma magazan na ci gaba da ƙirga buhuna.

Yana isa Yamai ya tura Salifu garin Tawa, ya kuma cika biro da labarina. Daga baya na nemi canji ta hanyar da ake bi, aka ɗauka ladabi ne kawai nake yi. Duk baƙon da ya zo zai ce, "Kai ne Harunan da Shef ya ce yana aljanna? To a kai mu wurin kwandon nan." In kai su. Suna komawa su ƙara shaida. Haka na zauna har aka buɗe sabuwar tasha, gadar ƙarfe ta zama wurin da yara ke kamun kifi. Sau ɗaya a shekara nake samun konje, wato hutu, in je gida.

Da ni ma na zama shef, na yi wa kaina doka. In na je duba wakili, ko a Lome ne ko a Paraku, ba na yarda a fara kai ni yawo. Ɗakinsa nake fara zuwa, in zauna a kan abin da yake zama, in ga kwano nawa ne a gidan. In na tambaye shi damuwa ya ce babu, sai in sake tambaya, in kuma sake. Wakilin da ya fi kowa iya zaga gari da baƙo, sau da yawa shi ne wanda ba shi da kowa a garin.

Lokacin da aka mayar da ni Yamai, Zuwaira ta yi nisa a karatun lakwal. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa saɓa mini ba. Yanzu ita ma tana da jikoki a unguwar Kwara Kano ta Yamai. Har yau, in ta ce Baba, Lawali take nufi. Ni Baban Kwatano take kirana.