Kaskon da Ya Zo daga Bawku

Jiya 'yata ta manta ludayin roba a gefen murhu, ya narke. Tana ta ba ni haƙuri, ni kuwa na tsaya a ƙofar kicin ina shaƙar warin kamar wadda aka turara wa ɗaki. Kada ka yi mini dariya, mai karatu. Kowa da warin da ke mayar da shi gidan da ya girma. Nawa na ƙonanniyar roba ne, kuma garin Salaga yake kai ni.

A hannun kakata na tashi, uwar mahaifina. Ni ce 'yar fari, ana yaye ni aka miƙa mata ni. Suya ce sana'arta, ƙosai da safe, doya da la'asar, a bakin zauren gidanmu. Kaskonta na ƙarfe ne, baƙi ƙirin, wani maƙeri a Yendi ya ƙera mata tun tana amarya. Tukwanen alminiyam ni nake darje su da toka da yashi har sai na ga haƙorana a jikinsu, kuma ina taƙama da hakan. Amma kaskon ba a kai masa yashi, ba a nuna masa sabulu. Ruwan zafi ne da tsumma, sai a shafa masa man kaɗe kaɗan a kife shi. Ƙosai a cikinsa yawo yake yi, bai taɓa kamawa ba.

Wannan santsin ba haka ya zo da shi ba, horo ya sha. Sabon kasko Kaka takan shafe shi da man kaɗe ciki da bai, ta kai gidan maƙwabciyarmu mai burodi. Idan an kwashe burodi, tanderun ƙasa yana nan da zafinsa, sai a tura kaskon ciki har la'asar. Sau uku ake yi. Takan ce kasko sai ya sha wuta yake zama ɗan gida. Kuma ba kowanne take yi wa ba, sai wanda ta yi niyyar zama da shi har mutuwa. Ban da nata, guda ɗaya na san ta hora, na gwaggona da aka kai aure Yendi.

Ina da shekara biyar mahaifina ya bar garin. Kakana ya rasu ya bar masa rumfar goro a kasuwa, shi kuma ya ce goro ya daina bi ta Salaga, ya rufe rumfar, ya kwashi mahaifiyata da ƙannena suka koma Bawku, yana fataucin albasa da awaki har Kulungugu. Kaka ta ce ya zauna, bai zauna ba. Ba ta yi masa baki ba, ba ta ɗaga murya ba, ta dai daina karɓar komai daga hannunsa. Atamfar da ya aiko maƙwabta suka ɗaura. Fitilar da ya aiko tana ƙarƙashin gado da kwalinta. Sau biyu a shekara yake zuwa, ya tsuguna a ƙofar ɗaki ya gaishe ta, ta amsa a gajarce, ba tabarma, ba tayin abinci, ya tashi ya je ya kwana gidan abokinsa. Da ma ba ta faɗin sunansa tunda ɗan fari ne, sai ta koma ce masa mutumin Bawku. Ni kuwa abu ɗaya nake roƙo a duk sallata, in ga ubana zaune a tsakar gidanmu yana cin abinci.

Daminar da na cika goma, wuyan hannun Kaka ya soma ciwo, har sai ni nake taya ta ɗora kasko a murhu. Gwaggo ta kai wa mahaifina labarin can Bawku. Ba a jima ba sai ga ta daga Yendi da saƙo a jakar leda: kasko mara nauyi, cikinsa baƙi-baƙi mai santsi kamar bayan cokali, mariƙinsa na baƙar roba. Ta ce mahaifina ya saya wurin wani ɗan kasuwa da ya tsallako iyaka, wai abinci ba ya kamawa a ciki ko da ba mai sosai, kuma shi ma yana tafe Juma'a ta sama. Akwai wata takarda a ciki da rubutun Faransanci. Babu mai karanta shi a unguwarmu, washegari aka ƙunshe wa wani ƙosai da ita.

Kaka ta juya kaskon, ta ce ashe mutumin Bawku ya ji labarin ta tsufa, ta tura shi ƙarƙashin gado kusa da fitila.

Kwana uku bayan haka, na dawo daga rijiya na same ta a ɗaki da kaskon a cinya, tana shafa masa man kaɗe a hankali, har bayansa, har gindin mariƙin. Na san abin da hakan ke nufi. Daɗi ya kama ni, amma na ɓoye shi, don na san halinta, in ka yaba sai ta fasa.

Mai burodi Bagwanja ce, Hausarta irin ta zango. Ta karɓi kaskon ta ƙwanƙwasa mariƙin da farce, ta ce, "Mma, wannan kaskon Bature ne fa. Ka tabbata ya iya wuta?"

Kaka ta ce kaskon da ke tsoron wuta ai sai ya sake sana'a. Aka tura shi ciki.

Ko gida ba mu kai ba warin ya biyo mu. Da aka jawo shi da ƙarfen kwasar burodi, mariƙin ya narke yana ɗiga kamar ƙaro, ya bar tsiraran ƙarfe, baƙin cikin kuma ya yi ƙuraje ya ɗaɗɗago. Nan ne na yi tawa gwanintar. Na ce ai ƙauri ne, a bar ni da shi. Na kai shi bayan gida na sa masa toka da yashi da dukkan ƙarfina, baƙin yana fita ina murna, ban san shi ne santsin kaskon ba. Garin gyaran gira na tsone ido. Da muka fasa ƙwai ɗaya don gwaji, sai da wuƙa aka ɓamɓaro shi.

Sauran kwanakin ban ji daɗin abinci ba. Idan mahaifina ya ga kyautarsa a ƙone, me zai ce in ba don ƙiyayya aka jefa ta wuta ba? Mai tsuguno a ƙofa shekara biyar, wannan karon zai tashi ne ba zai dawo ba. Mai burodi ta ba da shawara a ce an ara wa wata. Ni na yi ta roƙon a mayar da shi ƙarƙashin gado, gara ya ɗauka an ƙi kyautar kamar kullum. Kaka ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in kuma na sake maganar za ta haɗa ni da kaskon ta kai tanderu.

Ranar Juma'ar mahaifina ya iso bayan an sauko daga masallaci, ana yayyafi, da kwandon ƙwan zabi da ƙullin albasa. Ya tsuguna inda ya saba. Bayan gaisuwa Kaka ta ce in ɗauko kaskon. Na ajiye a gabansa na koma jikin bango.

Ya ɗaga shi ta ƙarfen da ya rage. Ya dubi cikin da na kankare, ya juya bayan, inda yashina bai kai ba, man kaɗen ya ƙone ya yi ja. Ya kai hanci ya shinshina.

"Mma, tanderu kika kai shi?"

"Sau ɗaya ya sha," in ji ta, tana kallon waje. "Bai jure ba."

Ya sunkuyar da kai. Na ga kafaɗunsa suna motsi, na ce shi ke nan. Ashe dariya ce, sai kuma ta juye, ya sa hannun riga yana share ido. Na manta a gidan nan ya girma, shi ne ya ɗauki kaskon gwaggo ya kai tanderu har sau uku.

"Ashe horonsa kika yi," ya ce.

Kaka ta juyo wurina, ta ce in shimfiɗa tabarma, mutum ba ya cin abinci a tsugune. A tsohon kaskon ƙarfe aka soya ƙwan zabin da albasa, kuma da ta miƙa hannu za ta ɗauka, shi ya riga ta, ya ɗora mata a murhu. Ta bar shi ya ɗora.

Yau in na shiga shago sayen kasko, mariƙi nake fara dubawa. In roba ce, ba shi ba tanderu. In ina son mai shiga tanderu, sai wanda ƙarfe ne tun daga baki har mariƙi. Masu santsin nan kuwa cokalin katako nake sa musu da soso mai laushi, ba na barinsu a wuta babu komai a ciki, ba na zuba musu ruwan sanyi da zafinsu. 'Ya'yana sun ɗauka a waya na koya.

Kaka ta daɗe da rasuwa, tanderun maƙwabciya ma an rushe an yi shago a wurin. Ƙonannen kaskon yana Bawku, a ɗakin mahaifina, a ciki yake ajiye goronsa. Sau biyu mahaifiyata tana fitar da shi cikin shara yana dawo da shi. Da na je gaishe shi bara, na kai masa faranti mai kyau na ce a sauya, tsoho da shi bai kamata baƙi suna ganin wannan gwangwani a gabansa ba. Ya karɓi farantin ya sa mini albarka, ya tura shi ƙarƙashin gado.

"Bar wannan inda yake," ya ce. "Ɗan gida ne, ya sha wuta."