Murfin da Ba Shi da Hatimi

Khimji Soni ya shekara sittin a kan azurfa a birnin Bhuj, arba'in yana ƙira, ashirin yana duba ƙirar wasu. Tun da bayansa ya ƙi dogon sunkuyo ya koma zama a ƙofar shagonsa da ke layin maƙera, ana kawo masa tsofaffin butoci da kwanoni da mayayyafan ruwan wardi, yana faɗin wanda ya yi su da zamanin da aka yi su. Gurasar gero da tsinkakken nono sun ishe shi abinci. An sha roƙonsa ya jingina wani aiki ga babban maƙeri don mai kaya ya ji daɗi, bai taɓa yarda ba. Hujjarsa ita ce azurfa ba ta da bakin kare kanta, saboda haka wanda ya yi mata ƙarya ya zalunci bebe.

Aibinsa ɗaya ne. Idan rana ta take, zafi ya kwantar da kasuwa, hankalinsa kan bar jikinsa. Sai ganyayen da aka zana a jikin azurfa su fara kaɗawa a idonsa, akun da ke ɓoye a cikinsu ya juya wuya, shi kuma ya bi su har farin filin gishiri na arewa, inda ba a gane ƙarshen ƙasa da farkon sama. A can yakan ga abokan aikinsa da suka rigaye shi, zaune a jere, suna ɗaga guduma suna saukewa ba tare da ƙara ba.

A irin wannan lokaci ne Jasoda ta same shi. 'Yar Narshi ce, amininsa da suka yi shekara ashirin da biyar suna aiki a tabarma ɗaya, wanda girgizar ƙasa ta danne tare da gidansa da shagonsa.

"Baffa, barci ne ko har an tafi?"

"Da an tafi da na huta da bakinki. Matsa, kin tare mini haske."

Ta warware wani ƙunshi, ta ajiye butar shayi a gabansa. "Ta Baba ce. Ita kaɗai ta rage mana daga hannunsa, ga hatiminsa a gindi. 'Yata zan ba ranar aurenta. Amma dubi wannan abin kunya." Ta taɓa murfin, ya yi rawa. Ya ɗan fi bakin butar faɗi, zanensa daban, kuma babu hatimi a jikinsa. "Ranar da aka tara kayan da aka tono daga ɓaraguzai a farfajiyar haikali aka ɗora mata shi, oho ko na wane ne. Narke shi, ka yi mini wanda ya dace."

Khimji ya juya butar, ya ga haruffan sunan Narshi, zuciyarsa ta yi laushi. A nan ya yi kuskure, kuma ya kamata a faɗe shi a fili. Ƙa'idarsa tun fil azal ita ce yatsa ya fara, ido ya biyo, hatimi ya zo ƙarshe, domin hatimi shaida ne a kan wanda ya sayar, ba lalle a kan wanda ya yi ba. Amma ƙauna ta sa ya fara daga ƙarshe, kuma da ya ga abin da yake so ya gani bai ƙara bincike ba.

Ya zuga gawayi, ya ɗora ɗan kaskon narki. Jasoda tana ta ba shi labarin surukai, shi kuwa yana kallon harshen wutar, yana ganin farin filin nan yana buɗewa a cikinta. Ya laluba awartaki bai samu ba, sai ya ɗauki murfin da hannu. Babban yatsansa ya bi ta kan zanen, ya tsaya.

Maƙeran Bhuj sukan cika mazubi da ƙaro da kakin zuma, su danne azurfar daga waje har ganye da fure su taso, sa'an nan su cike tsakanin ganyayen da ƙananan ɗigo. Ƙusar da ake buga ɗigon da ita kowa shi ke gyara tasa. Ta Narshi ta taɓa ɓantarewa a gefe, ya ƙi canza ta duk da tsiyar da ake yi masa, don haka ɗigonsa ba ya rufewa, kowane ɗaya kamar jinjirin wata. Su ne a ƙarƙashin yatsan Khimji, dubbai, suna bin juna. Ya ji kamar mutumin yana zaune a damansa yana huci ta hanci yadda ya saba.

Ya jawo butar ya shafa. Ɗigonta a rufe yake, zagayayye, tsaf.

"Baffa, kaskon ya yi ja."

"Bar shi ya yi. Zauna, 'yata." Ya tsara maganarsa, domin ya san za ta yi zafi. "Butar nan daga shagon ubanki ta fito, amma ba hannunsa ba ne. Da aiki ya yi masa yawa ya ɗauki ma'aikata, suna yi yana dubawa yana buga hatimi, kamar kowane mai shago. Wannan murfin shi ne nasa. Na butar da ya yi wa mahaifiyarki ne shekarar da aka haife ki. Ina gefensa."

"To ina hatimin?"

"Wa zai buga hatimi a kayan matarsa? Sayar mata zai yi?"

"Haba Baffa! Shekara goma sha biyu ina goge butar nan ina kuka. Murfin kuwa cikin gwangwanin tsofaffin makullai na jefa shi. Yanzu ka ce mini a banza na yi? Ko dai tsufa ne ya fara taɓa ka?"

"Ya taɓa ni, tun da saura ƙiris in narke shi. Kawo yatsanki."

Ya ɗora yatsan nata a kan murfin, sa'an nan a kan butar, ya sake mayar da shi. Gaskiyar da mutum ya taɓa da hannunsa ba ta bukatar mai yi mata gardama. Ta daɗe tana shafawa, idonta a rufe, leɓenta yana motsi.

"Shi ma haka yake," in ji ta a hankali, "ba ya taɓa ƙarasa magana." Ta share ido da gefen mayafinta. "Ita butar fa, wa ya yi ta?"

"Wani mai hannu da ba a rubuta sunansa ba. Aiki ne mai kyau, kada ki raina shi."

"Ban raina ba. Amma ita za ta yi haƙuri ta buɗe bakinta. Kada ka kuskura ka taɓa murfin nan da magagari."

"Kwana uku," in ji Khimji.

Ya sauke kaskon, ya yayyafa wa gawayin ruwa. Jasoda ta ƙulle murfin a bakin mayafinta, ta ce ba zai kwana a shago ba, kullum za ta kawo shi a gwada. Shi kuwa ya ɗauko ƙaramar gudumarsa, ya kwantar da butar a cinyarsa, ya fara bin bakinta a hankali yana faɗaɗa shi.