Katantanwar da Na Ɗauko da Mai Gida a Ciki

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Misfala, ni da ɗana da matarsa, za a kai ni ganin bahar, wato teku. Kafin in shiga mota na faɗa wa matan layinmu su jira tsarabar da ba wadda ta taɓa kawo irinta.

Hanyar Jidda sumul, ko gargada babu. Muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis. Kifin bakin ruwa kuwa, tsadarsa kamar da zinari ake kiwonsa.

Ina tafe a bakin ruwa na hangi katantanwa, ta fi dunƙulen hannuna biyu. Na ce ga mazubin turarena. Na jefa ta jaka ban gaya wa kowa ba.

A hanyar dawowa, mun kusa shingen bincike, surukata ta ƙwalla ƙara: "Hajiya, jakarki tana tafiya!"

Wata ƙaguwa ce ta leƙo daga katantanwar, ja wur da ɗigo-ɗigon fari, ƙafafu duk gashi, idanu a kan tsinke, hannun hagu ya fi na dama girma. Da shi ta damƙe abayar yarinyar nan. Ɗana ya duba waya, ya ce irinta tun daga wannan bahar har gaɓar Afirka da ƙasar Jawa ake samunsu. Wai bayanta laushi ne, shi ya sa take shiga gidan da wani ya bari. In ya matse ta, ta nemi wani.

Ya ƙara da cewa, "Inna, ko iƙama, takardar izinin zama, ba ta da ita. Mu yar da ita nan."

"A wannan dutse da rana? Ni da aka rushe mana gida a unguwar Nakkasa na yi ta yawon haya da tsufana? Juya motar!"

Ya yi gunaguni har bakin ruwa. Na aje ta, ta ja gidanta ta shige ruwa, ko waiwaye.

Bayan la'asar muka iso, matan layi na zaune a ƙofa, idonsu a kan jakata. Na buɗe musu ita wayam, sai ƙarni. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Na bari suka gama, na ce tsarabar da ƙafarta ta zo rabin hanya, ni na sa aka mai da ita a mota mai sanyi. Wadda ta taɓa yin haka ta ɗaga hannu.

Abin da na koyo, ko gida ya yi shiru, a yi sallama kafin a ɗauka.